Wa Ke Da Gari, Mai Zuwa Hutu Ko Mai Kwana A Cikinsa?



Da zarar hunturu ya kunno kai, aka kuma shiga makonnin shirin Kirsimeti, kowane firist da kowane katekis a wannan yanki ya san abin da zai biyo baya. Jama'a za su riƙa raguwa a coci Lahadi bayan Lahadi, tashoshin mota na Birnin Kebbi da Jega kuwa su cika maƙil da buhunan shinkafa da albasa da busasshen kifi, kowa yana haramar zuwa gida. Waɗansu Zuru da Dabai da Ribah suka nufa, waɗansu Malumfashi, waɗansu Zonkwa da Kafanchan, waɗansu kuma sai sun ƙetare kogin Kwara ko na Binuwai kafin su hangi rufin gidan ubansu. Mafi yawanmu a wannan dayosis ta Sakkwato mutanen gida biyu ne. Akwai inda muke neman abinci wata goma sha ɗaya, akwai kuma inda muke zuwa mu huta a na goma sha biyun. Malamin makarantar da aka tura Dalijan, da ma'aikaciyar asibiti a Gwandu, da mai kemis a Kalgo, duk lissafinsu ɗaya ne a wannan lokaci, wato ranar tafiya da kuɗin mota.

In an komo a watan Janairu, bayan an yi barka da sabuwar shekara an tambayi mutanen gida, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakinmu cikin 'yan shekarun nan. Sai ka ji mutum ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Kai, garinmu ya lalace. Baƙi sun cika shi. Ka shiga kasuwa ba ka gane kowa. In aka yi sake, nan da shekara ashirin su za su naɗa mana sarki." Ba mu kaɗai ke faɗin haka ba. Maƙwabtanmu Musulmi, 'yan asalin Dalijan da Kambaza da ƙauyukan kewaye, waɗanda aiki ko fatauci ya kai Legas da Ibadan da Abuja, su ma in sun zo hutun Sallah irin kukan da suke yi ke nan: an yanka gonakin bayan gari an mai da su filaye, ga mutanen Nijar, ga mutanen Zamfara, ga waɗanda ba a san tushensu ba. Har a Ingila da Faransa, inda mutanen birni kan fita ƙauye su sha iska lokacin hutu, ana jin irin wannan kuka, alhali sau da yawa baƙin da ake ƙorafi a kansu su ne ke tsinke amfanin gonakin da masu hutun ke sha'awar kallo.

Tun da maganar ta game ko'ina, ya kamata mu tsaya mu auna ta, gama irin maganar nan ce da kan fara a kan tabarmar hira ta ƙare da hayaƙi. Mutumin da ke zuwa garinsu mako biyu a shekara, mene ne haƙƙinsa a kan garin? Ina kuma iyakar wannan haƙƙi in ya yi karo da na wanda ke kwana yana tashi a cikinsa, ko da ba a nan aka binne cibiyarsa ba?

Zuwa gida abu ne mai kyau ƙwarai, ba kuwa za mu gaji da ƙarfafa shi ba. Zumunta a ƙafa take. Tsofaffi suna da haƙƙin su ga jikokinsu, yara kuma suna da haƙƙin su ji harshen kakanninsu, su ga kabarin da ake ba su labarin mai shi. Amma in muka duba zuciyar mai zuwa hutu da kyau, za mu tarar ba garin yau yake nema ba. Garin ƙuruciyarsa yake nema. Yana so ya iske tsamiyar nan a inda ya bar ta, da rafin da ya yi wanka, da 'yan fuskokin da ya sani, kome a tsaye cik kamar hoton da aka rataye a bango. Shi ya tafi birni ya sake, ya gina gidan siminti, 'ya'yansa suna karatu da Turanci, amma ƙauye ba shi da izinin sakewa, domin in ya sake, ina shi zai je ya huta? Wannan sha'awa ba zunubi ba ce. Sai dai ba ta isa a gina hukunci a kanta ba, gama mutanen ƙauye ba don hutunmu Allah ya halicce su ba.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba zagi ba ne, bayanin yadda duniya take ne. Lokacin da muka ɗauki jaka muka tafi, gonar da muka bari ba ta daina bukatar noma ba. Ciyawa ba ta jira Disamba. Tsohuwar da muka bari tana bukatar wanda zai ɗebo mata ruwa, da wanda zai ɗauke ta a babur zuwa asibiti in zazzaɓi ya kama ta da tsakar dare cikin watan Agusta. A garuruwa da yawa, hannun da ya cike gurbin nan na baƙo ne: ɗan ƙwadagon da ya zo cin rani ya zauna, ko mai gudun hijirar da aka ara wa ɗaki a gidan da muka bari kango. Mu kuwa kuɗi muke aikowa ta waya, kuma madalla da haka, amma kuɗi ba su riƙe fartanya. Wanda ya bar gurbi, sa'an nan ya dawo yana fushi da wanda ya cike shi, ya kamata ya fara gaya mana wa yake so ya cike shi.

Sai batun yawa. Mai zuwa hutu ya ga cunkoso a kasuwa, ya ga fuskokin da bai sani ba, nan da nan sai ya yanke cewa baƙi ne. To, bari mu duba ƙidaya. A shekarar 1963 an ƙirga mutanen Nijeriya miliyan 55 da ɗoriya. A 1991, shekarar da aka cire Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, an sami kusan miliyan 89. A 2006 an sami miliyan 140. Ita Jihar Kebbi, daga mutum miliyan 2 da 'yan kai a 1991 ta haura miliyan 3 da dubu 200 a 2006, cikin shekara 15 kacal. Tun daga 2006 ba a sāke ƙidaya ba, amma ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna ƙasar ta wuce miliyan 220, kuma fiye da rabin jama'ar ba su kai shekara 20 da haihuwa ba. Ma'anar wannan a fili take. Wanda ya bar garinsu shekara ashirin da suka wuce, fiye da rabin mutanen da zai tarar a can yau ba a haife su ba sa'ad da ya tafi. Saurayin nan da ya wuce ka a kan babur bai gaishe ka ba, ka ce a ranka baƙo ne, mai yiwuwa jikan ƙanen mahaifinka ne. Bai san ka ba ne, kamar yadda kai ma ba ka san shi ba.

Ƙuncin da ake ji kuwa gaskiya ne, ba mafarki ba. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, an raba ta ga 'ya'ya shida, su kuma sun raba wa nasu, har ta koma 'yan kunyoyi. An cinye burtali, an cinye makiyaya, jejin da ake zuwa itace ya zama gona. Ƙasa ba ta haihuwa, mu kuwa Allah ya albarkace mu da haihuwa. Amma da yake da wuya mutum ya dubi 'ya'yan cikinsa ya ce su ne suka matse shi, sai ya ɗaga ido ya nemi wanda harshensa ya bambanta. Littafin Fitowa da irin wannan lissafi ya fara. Wani sabon Fir'auna, wanda ya manta da alherin da Yusufu ya yi wa Masar a shekarun yunwa, ya dubi zuriyar Yakubu ya ga sun yawaita, sai tsoro ya kama shi, wai kada wata rana yaƙi ya tashi su haɗa kai da abokan gaba. A lura, ba su yi kome ba tukuna. Laifinsu duka yana cikin kalmar nan "kada wata rana". Daga wannan tsoro aka shiga aikin tilas, daga nan aka kai ga umarnin kashe jarirai maza, har sai da ungozoma biyu, Shifra da Fu'a, suka ƙi bin umarnin saboda tsoron Allah. Duk sa'ad da muka ji kanmu muna ƙirga haihuwar waɗansu muna jin zafi, ya kamata mu tuna bakin wa aka fara jin wannan lissafi.

Ba mu ce babu baƙi na ainihi ba. Akwai su, akwai kuma dalilan zuwansu. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a nan Kebbi cikin Nuwamban 2015, noman rani ya bunƙasa a fadamu, aka kafa manyan injinan casar shinkafa a Birnin Kebbi da Argungu, aikin kuwa ya nemi hannuwa fiye da na da. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, wadda mazauninta yake a ƙasar Kalgo, ta jawo malamai da ɗalibai da masu sayar musu da abinci daga ko'ina. Mu muka yi roƙo a kawo mana ci gaba, ci gaba kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, da mutane yake tafe.

Balle ma ƙasar Gwandu, in akwai inda bai kamata a manta da darajar baƙo ba, nan ne. Masu tarihi da yawa suna cewa Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya gina Surame, asalinsa daga wajen ƙasar Katsina ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya bar Degel zuwa Gudu a 1804 a matsayin mai hijira, jama'arsa kuma suka yi ta ƙaura har suka yada zango a Gwandu a 1805, shekarar da ƙanensa Abdullahi ya ci Birnin Kebbi. Ƙaramin gari ne a lokacin. Masu zuwa ne suka mai da shi babban birnin da daga baya ake kawo wa gaisuwa tun daga Nupe da Ilori. Kabawa kuwa suka koma Argungu, aka yi shekara da shekaru ana gaba tsakanin gidajen biyu, har zuwa 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa bikin kamun kifi, bikin da duniya ta san Kebbi da shi yanzu. A cikin wannan ƙasa akwai Kabawa da Fulani da Zabarmawa da Arawa da Gobirawa da Dandawa, kowane gida in ka zauna da tsohonsa zai gaya maka daga ina kakansu ya taso, da abin da ya taso shi, ko yaƙi, ko fari, ko neman ilmi. Ita iyakar da ta raba mu da Nijar, Turawan Ingila da na Faransa ne suka yi ta ja suna gogewa tsakanin 1890 da 1906, ba tare da sun tambayi wanda gonarsa ke gefe ɗaya rijiyarsa ke ɗaya gefen ba.

Akan ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba, wato shi baƙo da hantsi ya bushe, ɗan gari kuwa saiwarsa ta yi nisa. Karin maganar yana da hikimarsa, musamman ga baƙon da ke neman ya fi mai gida iko. Amma kowace kaba da muke gani, goruba ce wani ya ci ya jefar da ƙwallonta, ko ruwa ya gangaro da shi. Bambancin ɗan gari da baƙo, in an bi diddigi, yawan damina ne kawai. Mu ma da muke karanta wannan takarda, limaman Dominikan da suka zo daga Amurka ne suka kafa wannan yanki na Eklesiya a 1953, ya zama dayosis a 1964. Da an ce musu raɓa ne su koma, da ba mu da inda za mu taru ran Lahadi.

Akwai waɗansu shekaru biyu da ya kamata kowane ɗan Afirka ta Yamma ya riƙe su tare. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fice. Hausawa da Yarbawa da Zabarmawa da aka haifa a zangon Kumasi da Ankara suka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, suka komo garuruwan da waɗansunsu ba su taɓa gani ba. Shekara goma sha uku da 'yan watanni bayan haka, a Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ita ma ta ba baƙi mako biyu. Mutum wajen miliyan 2 suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana, sauran kuma har da 'yan Nijar da Cadi. Jakar nan mai ratsi-ratsi da muke cusa kayan Kirsimeti a ciki, daga wannan kora ta samo sunanta. Kowane ɓangare ya ce baƙi ne suka kawo rashin aiki da sata. Ba a Gana ba, ba a Nijeriya ba, babu inda korar ta gyara tattalin arziki, gama ciwon yana wani wuri dabam. Abin da ta bari shi ne tabo, da iyalan da aka raba.

Yanzu sai mu zo ga magana mai nauyi, domin akwai wanda zai ce, "Fada, kana zancen tarihi, mu kuwa kashe mu ake yi." Gaskiyarsa. A Yunin 2021 an kwashe ɗalibai a Birnin Yauri. 'Yan'uwanmu na Danko da Wasagu da Sakaba sun san abin da ake nufi da barin hatsi a gona a gudu da dare. A Nuwamban 2024 Lakurawa sun auka wa Mera ta ƙaramar hukumar Augie, aka rasa rayuka kimanin 15. Mutumin da ya binne ɗansa ba za a yi masa wa'azin sakin jiki da kowace baƙuwar fuska ba. Tsoronsa ba irin na Fir'auna ba ne, tsoron abin da ya riga ya faru ne. Dole kuwa mu bambanta shi da kewar mai zuwa hutu, wanda abin da ya rasa kawai shi ne tsamiyar ƙuruciya.

Eklesiya ba ta taɓa koyar da cewa a bar ƙofa a buɗe a yi barci ba. Katekizim ɗin da aka fitar a 1992, a lamba ta 2241, ya ɗora nauyi a kan ɓangarori uku. Masu hali su karɓi mai neman tsira da abinci gwargwadon iyawarsu. Hukuma tana da ikon sa sharuɗɗa domin amfanin kowa. Shi kuma baƙo wajibi ne ya girmama dokoki da al'adun waɗanda suka karɓe shi, ya kuma ɗauki rabonsa na nauyin gari. Kakanninmu ma haka suka tsara tun kafin a rubuta wannan. Baƙo ba ya kwana a gari sai yana da mai masauki, mai masauki ya kai shi wurin mai unguwa, mai unguwa ya sanar da dagaci, a san sunansa da garinsu da sana'arsa. Wannan tsari yana tsare gari, yana kuma tsare baƙon, domin in abu ya ɓace akwai wanda zai tsaya masa. Shi ya kamata a farfaɗo da shi. Abin da ba shi da amfani shi ne a ɗauki laifin mai bindiga a ɗora wa matar da ta zo da ƙullin kaya a ka da goyo a baya, alhali ita ma shi ta gudo wa. Kada kuma mu manta cewa da ɗan gari akan ci gari. Su kansu Lakurawa, rahotanni da dama sun nuna tun farko waɗansu mutanen yankin Tangaza da Gudu ne suka gayyato su domin su kore musu ɓarayin shanu. Mai kai wa ɓarayi labari da mai da burodi, sau da yawa an san gidan ubansa. Ta ɗaya gefen kuma, sa'ad da dubban mutanenmu na Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi a 2019, talakawan ƙauyukan Gidan Rumji ne suka fara raba ɗaki da rumbu da su, tun kafin manyan ƙungiyoyi su iso.

Mu Kirista na wannan yanki muna da wani dalili na musamman da zai sa mu yi hattara da harshenmu. Duk kalmar da muke faɗi a kan baƙi a watan Disamba, mun taɓa jin an faɗe ta a kanmu tsakanin Janairu da Nuwamba. Mun san yadda take da zafi. Kundin tsarin mulki na 1999, a sashe na 41 da 42 da 43, ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zama da mallakar fili a ko'ina cikin Nijeriya ba tare da an nuna masa bambanci ba. Duk da haka yaron da aka haifa a Birnin Kebbi, wanda Hausar Kabi ta fi zama a bakinsa fiye da harshen ubansa, in ya zo neman gurbin karatu ko aiki sai a tura shi ya kawo takardar shaidar asali daga wata ƙaramar hukumar da bai sani ba sai a hutun Kirsimeti. Mun san wahalar neman filin coci, da na maƙabarta. Ibrahim ma, uban masu bangaskiya, sai da ya tsaya gaban Hittiyawa yana ciniki kafin ya sami inda zai binne Saratu. To, in wannan ya yi mana ciwo, da wane baki za mu je gida mu nemi a yi wa wani irinsa?

Bikin da muke tafiya dominsa ma labarin mai zuwa gida ne. Bisharar Luka ta nuna Yusufu mazaunin Nazarat ne, ƙidayar Kaisar Augustas ce ta tilasta shi zuwa Baitalami, garin kakansa Dawuda. A takarda shi ɗan asali ne, jinin sarauta ma. A ƙofar masauki kuwa ba wanda ya san shi, har matarsa ta haihu inda dabbobi ke kwana. Bayan haka suka gudu Masar, ƙasar da ta taɓa bautar da kakanninsu, a nan ne kuma aka ɓoye Mai Ceto daga takobin Hirudus, sarkin ƙasarsu. Shi ya sa Paparoma Piyus na 12, a 1952, ya kafa Iyali Mai Tsarki a matsayin abin koyi da majiɓincin dukan masu ƙaura. Wanda ya durƙusa gaban komin dabbobi a daren 24 ga Disamba, ya san gaban wa ya durƙusa.

Adalci ne kuma mu faɗi alherin da muka gani. Da yawa daga cikinmu in za su yi tafiya, maƙwabci Musulmi suke bar wa mabuɗin gida da na shago, da awaki da kaji. Naman layya yana shigowa gidajenmu. Malamin da aka tura ƙauye bai san kowa ba, akwai dattijon da ya ba shi ɗaki, akwai gidan da ke aika masa tuwon dare. Ba kullum ba ne, ba kuma ko'ina ba, amma ya isa ya zama bashi a wuyanmu. Irin wannan bashi ba a iya biyan mai shi, sai dai a biya ga wani baƙon.

(Mu faɗi wata a taƙaice, tun da a cikin gida muke. Har cikin coci akan ji ana cewa, "Mu muka gina wurin nan, su waɗannan yaushe suka zo?" sa'ad da masu gudun hijira suka yawaita a Misar Hausa, ko aka zo zaɓen shugabannin majalisar coci da na Zumuntar Mata. A taron bishop-bishop na Afirka da aka yi a Roma a 1994, daidai lokacin da ake kisan Ruwanda, wani bishop daga ƙasar nan ya yi kashedi cewa a wurin yawancinmu jinin ƙabila ya fi ruwan baftisma kauri. Shekara 30 sun wuce, maganar ba ta tsufa ba.)

Littafin Rut, wanda babi huɗu ne kawai, ya dace kowa ya karanta shi a mota kan hanyar gida. Yunwa ta kori Na'omi da mijinta daga Baitalami zuwa Mowab, wato su ma cin rani suka tafi, ya zama zama. Ta komo bayan shekaru ba miji ba 'ya'ya, sai surukarta Rut, baƙuwa daga al'ummar da Isra'ilawa ba su ƙauna. Abin da ya rayar da matan nan biyu wata doka ce ta Musa, wadda ta hana mai gona girbe gefen gonarsa ƙaf, ta kuma hana shi komawa ya tsince abin da ya zuba, domin wannan rabon matalauci ne da baƙo. Mu ma mun san kala. Abin lura a nan shi ne, ba a bar wa mai gona ya yi in ya ga dama ba, haƙƙi ne aka yanka wa baƙo a cikin gonar da ba tasa ba. Bo'aza, mutumin da bai bar gari ba, ya tambayi ko ita wace ce, aka gaya masa, ya hana barorinsa su dame ta. Ita wannan baƙuwa ce ta ciyar da 'yar gari da ta komo hannu wofi, ita ce kuma ta haifi Obida kakan Dawuda.

A zamaninmu, wurin da wannan doka take gwada mu shi ne aron gona. An san yadda ake yi. Mutum yana birni, ya ba baƙo aron gonar da ta gaji, ta zama fako. Baƙon ya yi shekara uku ko huɗu yana kai taki da jaki, yana tare zaizaya, har ƙasa ta farfaɗo. Mai gona ya zo hutu ya ga dawa ta yi kyau, sai ya tuna cewa ai baƙi sun yi yawa a gari, ya karɓe abinsa ba sanarwa ba ladan wahala. Gonarsa ce, ba mai musu, kotu ma za ta ba shi. Amma ya ci gumin wani, kuma ya kamata ya ambaci wannan in ya zo wurin furta zunubi. Wanda zai karɓi gonarsa ya ba da wa'adin damina guda aƙalla, a gaban shaidu, ya kuma biya takin da aka zuba. Haka nan ɗan ƙwadagon da ya yi girbi, a biya shi kafin a sayi kayan biki.

Wuri na biyu shi ne taron ƙungiyar ci gaban gari, wanda akan yi kwana ɗaya ko biyu bayan Kirsimeti, kamar yadda maƙwabtanmu kan yi nasu a kwanakin Sallah. A nan mu 'yan birni ne ke zama a kujerun gaba, domin mu ke kawo kuɗin rijiyar burtsatse da na rufin makaranta, maganarmu kuwa tana da nauyi a kunnen samari fiye da yadda muke zato. A irin wannan taro ne akan tashi a ce kada a ƙara sayar wa baƙo fili, kada a ba su rumfa a kasuwa, a ba su wa'adi su tashi. A yi tafi, a rubuta, a ci shinkafa a watse. Muna roƙon duk ɗan Katolika da zai zauna a irin wannan taro bana, in batun baƙi ya taso, ya nemi a fara jin waɗanda ke zaune a garin shekara duka: mai unguwa, da manoma, da gwauraye mata, da katekis. In akwai wanda ake tuhuma, a faɗi sunansa da abin da ya yi, a kai shi gaban hukuma, kada a ambaci ƙabilarsa a madadin sunansa. In ana so a kafa doka a kan baƙi, a kira dattawansu su ji, su ma su faɗi nasu. Mu dai ranar 3 ko 4 ga Janairu motarmu za ta tashi. Wadda za ta haɗu da matar baƙon a bakin rijiya washegari ita ce tsohuwar da muka bari a gida.

Ubangiji ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya. A guji tafiyar dare.